Saƙon Nomau a Bas ɗin Safe

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na zauna a gindin ɗorawar nan ta bakin tashar jirgi da la'asar, kafin in gyara zama wani ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can?" Wani ya ce in ba shi labarin gidan Sarauniya. Ni kuwa ko ƙofar gidan ban gani ba. Abin da na sani a ƙasar nan kamar yadda na san hanyar Maska, wata motar bas ce. Bari in faɗi labarin sau ɗaya tun daga farko, kowa ya huta.

Ni fita ne, wato mai gyaran inji, a gidan gurzar auduga na Funtua, na daɗe ina kwance inji ina ɗaurawa. Da aka sami mulkin kai Turawa suka fara haɗa kayansu, sai aka ce a tura ɗan ƙasa ya koyo gyaran sababbin injuna, wata shida. Aka ce ni ne. Na tashi dawa ta fid da kai ke nan, ba ta nuna ba. Mai ɗakina ta cika mini gwangwani uku, ɗaya yaji, ɗaya kuka, ɗaya daddawa, ta ɗaure bakinsu da tsumma, ta ce ta ji an ce mutanen can ba su da miya.

Jirgin ƙasa ya kai ni Zariya, na canja wani, muka yi ta gangarawa kudu har Ikko. Daga nan jirgin ruwa, mako biyu. Kwana huɗun farko a kwance na yi su, cikina yana hawa yana sauka, ina tambayar kaina abin da ya raba ni da ƙasa mai tsayawa wuri ɗaya. Da muka sauka, wani ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina, ya wuce yaji, ya wuce kuka, ya kwance gwangwani na uku. Sai ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokinsa, suka leƙa tare, ya tambaye ni ko wata dabba ce ta mutu a ciki. Na ce kayan miya ne. Ba su yarda ba sai da na gutsura na tauna a gabansu. Ya toshe hanci da hankici, ya yi mini alama da hannu in rufe in wuce.

An ba ni masauki a bayan garin Mancista, gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Gidajen layin nan kamar uwa ɗaya ta haife su: jan bulo, ƙofa iri ɗaya, hayaƙi iri ɗaya. Ranar farko gidan maƙwabta na ƙwanƙwasa. Uwar ɗakin tawa mutuniyar kirki ce, amma abincinta dankali ne dafaffe da kabeji dafaffe da kifi, ba mai ba barkono. Ran da ta ɗanɗana yajina sai da ta zauna ta share hawaye da gefen riga. Karenta a kan kujera yake kwana. Ɗanta na cikinta kuwa, in zai zo gaishe ta, sai ya aiko tukuna an sa rana.

Wurin da nake koyon aikin yana wata unguwa can dabam. Hanyoyin jirgi biyu ne da ba su haɗu ba. Da safe in hau jirgi in sauka a tasha ta farko, in shiga bas ta kai ni tasha ta biyu, in sake hawa wani jirgin. Da yamma in juyo haka. Bas ɗin nan ba ta da wani aiki a duniya sai wannan: tsakanin tasha da tasha, kamar minti ashirin, daga Litinin zuwa Juma'a, safe da yamma. Ban san haka ba sai wata Asabar da na tsaya cikin yayyafi har takalmina ya cika da ruwa, wani mai shara ya ce mini, "Yau ba ta zuwa, sai Litinin." Na ce ashe su ma suna da motar ranar kasuwa.

Ku da kuka san tashar motar Funtua, inda za ka zauna a kan buhun masara tun hantsi har azahar ana jiran mutum ɗaya a cika, ba za ku yarda ba: motar nan agogo take bi. In lokaci ya yi, ko mutum uku ne a ciki, tashi take. Na taɓa ganin ta tashi ba kowa sai direba da kwandasta, tausayin mai motar ya kama ni. Bene ce, hawa biyu. Ba ɗan kamasho, ba ciniki, ba akuya. Mutane su jeru a layi kamar za su yi salla, su shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya buɗe jarida ya rufe fuskarsa. Ranar farko na bi su kujera kujera ina gaisuwa. Wani mai laima ya dube ni ta saman tabarau kamar na ce masa gidansa ya kama wuta. Da motar ta sha kwana na damƙi wata igiya da ke sama don kada in faɗi, ashe ta ƙararrawa ce, direba ya taka birki, jaridu duka suka sauko lokaci ɗaya.

Kwandastan mace ce, babba, mai jan gashi da jakar fata a kafaɗa. Da ta miƙo mini tikiti sai ta kira ni da wata kalma da a Hausa ba abin da za a ce sai masoyi. Na sunkuyar da kai, na ce a raina ni da iyali. Kwana uku ina kauce wa idonta, sai na ji ta kira mai laima haka, ta kira wata tsohuwa haka, ta kira har direba. Sannan hankalina ya kwanta.

Sanyi ya shigo. Da safe duhu, da yamma duhu, tsakaninsu wani farin tururi da ke sauka har ƙasa. Cikin bas kuwa da ɗumi. Ina hawa sama in zauna kusa da taga, numfashin mutane ya rufe gilashi, injin yana gurnani a hankali a ƙarƙashina. Nakan share wuri kamar tafin hannu in leƙa. Mu wuce makaranta, mu wuce maƙabarta mai fararen duwatsu, mu wuce wasu 'yan gonaki ƙanana a gefen hanyar jirgi, kowacce ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba, da 'yar bukkar katako a kai. Daga nan idona ya fara lumshewa. Sai in ga fitilun titi sun zama farar auduga a hanyar Dandume, in ji ƙarar luguden mata a bayan gidanmu, in ga jakuna sun jeru da buhuna a ƙofar ma'aikata. Wani lokaci har in ga mahaifiyata zaune a kujerar gaba ta juya mini baya, tana tsince wake a faifai. Ba barci ba ne sosai, ba kuma farke nake ba. Minti ashirin ɗin nan su kaɗai nake gida.

Wata uku ban ji Hausa a bakin kowa ba sai nawa. Na fara magana ni kaɗai a ɗaki. Abinci ya daina shiga. Na rubuta takarda zuwa ga manyana cewa a mai da ni gida, ba zan iya ba, na ninke na sa a aljihun kwat. Kullum in ce gobe zan jefa ta a akwatin gidan waya. Na san in na koma haka, wani za a ba injunan, ni kuma in ƙare da riƙe wa wani sifana, amma na kai inda ban damu ba.

Wata Laraba da safe a cikin bas idona ya lumshe, na gan ni tsaye a gonar kawuna a Maska, sai na ji murya a kunnena ta ce, "Tashi, soja! Tasha ya zo."

Na yi murmushi ido a rufe, don na ɗauka cikin mafarkin ne. Aka taɓa kafaɗata. Na buɗe ido, sai ga wani tsohon Bature, dogo, mai farin gashin baki, da sanda tsakanin gwiwoyinsa. Na sha ganin sa a kujerar baya, ban taɓa jin muryarsa ba.

"Kai Bahaushe?" ya ce.

Na gyaɗa kai.

"Madalla. Madalla! Kana barci, ka ce wayyo Inna. Ni ya ji." Ya matso kusa. "Mutum na ina?"

"Funtua, ranka ya daɗe."

"Funtua kusa Bakori?"

"Kusa ƙwarai. In ka hau keke, kafin rana ta yi zafi ka isa."

Ya rufe ido. Kwandasta ta buga ƙararrawa, mun iso tasha, dole na sauka. Ranar nan na ɗaura wani ƙarfe a juye har sau biyu.

Tun daga nan kujera ɗaya muke zama. Ya ce in kira shi Saje, haka sojojinsa suke kiran sa. Ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama tare da 'yan Arewa, a can ya koyi Hausa, irin ta bariki, rabinta umarni, rabinta zagi. In zai ce in matsa masa sai ya ce, "Gyara, maza maza!" sannan ya ba ni haƙuri da Turanci. Yanzu gadin ƙofa yake yi a wata ma'aikata kusa da tasha ta biyu. Ya ce shekara ashirin duk baƙin mutumin da ya gani a titi sai ya ce masa sannu, su kuwa su dube shi su wuce, don mutanen wasu tsibirai ne, ba su san ta ba. Har ya gaji ya bari.

Labarinsa a gutsure na same shi, minti ashirin yau, minti ashirin gobe. Cikin sojojinsa akwai wani Nomau, an rubuta shi Nomau Bakori, don a soja sunan gari ake laƙa wa mutum. Bamaguje ne, manomi, ba ya salla, in an sami giya yana sha, kuma ba wanda ya kai shi ɗaukar kaya. Ko'ina suka yada zango sai ya damƙi ƙasa ya murza ya shinshina, ya ce wannan ta dawa ce, wannan ba ta da amfani. Wata rana aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi. Harsashi ya karya wa Saje ƙafa. Nomau ya goya shi ya haye da shi tudu, sai da ya sauke shi sannan aka ga shi ma an same shi a ciki. Kafin a zo ɗaukar su ya riƙe rigar Saje ya faɗa masa magana, ya maimaita sau uku, ya cika. Shi Saje aka wuce da shi asibiti a wata ƙasa, daga can gida, bai sake ganin Bahaushe ba.

Ranar Juma'a ya kawo nan. Na ce, "Me ya ce, Saje?" Ya buɗe baki ke nan motar ta tsaya, mutane suka miƙe, jirgina yana huci a tasha. Ya ce, "Litinin." Asabar da Lahadin nan ban san yadda na yi su ba. Sai da na zo wanke riga na tuna da takardar da ke aljihuna. Na sa ta a murhun uwar ɗakina.

Litinin da safe Saje ya zauna, ya ajiye sanda, ya miƙe wuya kamar mai karatun allo. Abin mamaki, wannan maganar kaɗai ba ta fito da Hausar bariki ba. Da muryar mutanenmu ta fito, har da yadda mutanen ƙauyen Bakori ke jan harshe:

"Gayaunata ta bakin rafi, a ba Lami. Kada a bar ta saura."

Ya ce kullum kafin ya fita aiki sai ya faɗe ta, don kada ta ɓace masa. Sannan ya koma Turanci ya ce, "Matarsa ke nan, Gayauna. Tana zaune a bakin rafi. Ya ce a kai ta wurin Lami, kada a bar ta ita kaɗai. Na rubuta wa ofishin soja sau da yawa, sun ce ba su da wata mata mai wannan suna. Ya ba ni amanar matarsa, ban yi komai ba."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Daidai lokacin muna wuce 'yan gonakin nan na gefen hanyar jirgi. Na share gilashi da hannun riga, na nuna masa wani tsoho da ke duƙe yana tono.

"Saje, ka ga wancan? Gayauna ke nan. Ba mace ba ce. A wurinmu gida duka gona ɗaya ake nomawa, ta maigida. Amma akan yankar wa mutum 'yar tasa, wadda zai noma da yamma da ranar hutu, abin da ta ba shi nasa ne. Saura kuma, a nan, gonar da aka bari ba a noma ba. Cewa ya yi a ba Lami gonarsa, kada a bari ta koma daji."

Ya daɗe yana kallon tagar har tururi ya sake rufe ta. Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gashin bakinsa. "Gona," ya ce. "Nomau, ɗan banza. Gona!" Kwandasta ta hau sama ta gan shi, ta tsaya, ta juya ta sauka ba ta tambaye mu tikiti ba.

Sauran watannin suka wuce kamar ruwa. Ban taɓa zuwa gidansa ba, bai taɓa zuwa nawa ba, abotarmu duka a cikin motar nan take. Na kawo masa yaji a takarda, ya ce rabonsa da shi tun bariki. Juma'ar ƙarshe kwandasta ta gaya wa mutane zan tafi. Mai laima, wanda wata shida bai ce mini uffan ba, ya ninke jarida ya miƙo mini hannu. Saje ya sauka tare da ni, ya tsaya a kan ƙafarsa mai lafiya, ya ce, "Ka kai saƙo?" Na ce, "In Allah ya yarda zan kai." Ya ƙame ya sara mini, ni farar hula.

Na iso Funtua da bazara, ana ta sassabe ana jiran ruwa. Na kwana bakwai, ranar kasuwar Bakori na hau keke. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani tsohon soja mai sai da taba. Ya ce, "Nomau da bai dawo ba? Gidan Barmo za ka, arewa da gari, ka bi rafi."

Gida ne babba irin na Maguzawa, shi kaɗai a tsakiyar gonaki, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Barmo, wan Nomau, tsoho ne mai faɗin kafaɗa, na same shi yana ɗaure ƙotar gatari. Ya ga ni Musulmi ne, ya sa aka kawo mini farau-farau a sabuwar ƙwarya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Baba, saƙon Nomau na kawo."

Gatarin ya faɗi daga hannunsa. Kafin in ankara gidan duka ya fito, maza a tsugune, mata a tsaye a bayansu. Na ba su labari tun daga bakin kogi. Barmo ya ce takarda ta zo musu tun shekarun nan cewa ya mutu, amma uwarsu ta ce takarda ba gawa ba ce, ba wanda ya zo ya ce ya gani da idonsa. Ta hana a yi masa makoki, ta hana a taɓa gonarsa. Ta rasu damina shida da suka wuce, bayanta kuma kowa ya ji nauyin zama na farko da zai sa mata fartanya.

"Wa ke kusa da shi?" Barmo ya tambaya. "Shi kaɗai ya mutu?"

"Yana riƙe da rigar mutumin da ya goya. Kuma ya bar magana." Na faɗe ta yadda na ji ta, ban ƙara ba, ban rage ba.

Kowa ya juya ya dubi wata mata da ke can baya, siririya, da furfura a gefen kallabi. Ita ce Lami, autarsu. Tana 'yar shekara goma ya tafi, ita ke kai masa ruwa gonar. Mijinta ya rasu bara waccan, ta dawo gida da 'ya'ya huɗu, tana noma a gefen gonakin matan 'yan'uwanta. Ta matso ta durƙusa nesa kaɗan da ni.

"Malam, da bakinsa ya ce Lami?"

"Da bakinsa. Sau uku."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Barmo ya miƙe ya ce mu je. Muka bi rafi mu duka, har yara. Gonar ta zama kurmi, kalgo da sabara sun fi mutum tsawo, wata ƙanya ta girma a tsakiya, ga gonaki a share kewaye da ita ta ko'ina. Barmo ya tsaya a bakin iyaka ya kira sunan ƙanensa da ƙarfi, ya ce, "Mun ji. Ka kwanta." Sai matan suka fashe da kuka, na shekara ashirin. Barmo ya ce jibi za a dafa giya a yi masa abin da ake yi wa kowa. Sannan ya miƙa wa Lami gatarin da ya ɗaure.

Ta shiga ta sari kalgo ɗaya, ta sari na biyu. Ta tsaya tana haki, ta juyo.

"Malam, shi Baturen, yana da gona?"

"Ba shi da ita, Inna."

"Da me yake ci?"

"Gadi yake yi."

Ta girgiza kai don tausayi. "To in dawa ta nuna ka dawo. Damin farko nasa ne, ka kai masa."

Na dubi Barmo, na dubi hannunta a kan ƙotar. Ban gaya mata akwai teku ba. Na ce, "To, Inna. Allah ya kai mu kaka."